Dutsen Agadas a kasuwar manya: yadda ake gina farashin tsofaffin kaya

Wata safiya cikin watan Yulin 2025 na tarar da kawuna zaune a zaure, a cikin tsohon garin Katsina, rediyo na jingine da gwiwarsa. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka warware mani wannan. Wai dutse aka tsinto a hamadar Agadas, aka kai Amurka aka sayar da shi biliyoyi. Dutse fa! Zinari ne a cikinsa ko mi?"

Na ce, "Kawu, babu zinari ko ƙwaya."

Ya ce, "To mi suka saya?"

Tambayar nan ta fi yadda take a baki nauyi, kuma ita nake son mu warware, don ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Ga abin da ya faru. A watan Nuwamban 2023 wani mai farautar duwatsun da ke faɗowa daga sama ya samu dutsen a yankin Agadas ta Jamhuriyar Nijar. Nauyinsa ya kusa kilo 25, wato rabin buhun siminti. Da masana suka gwada shi sai suka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne, kuma shi ne mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. Ya ratsa ta Italiya, ya ƙare a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Niyok, inda aka sallama shi ranar 16 ga Yuli a kan dala miliyan 5.3. A canjin lokacin kuɗin ya kai wajen naira biliyan 8, ko sefa biliyan 3. Ba a faɗi wanda ya saya ba, ba a faɗi wanda ya sayar ba. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda ya fita daga ƙasar, daga baya ma ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, shi kuwa gidan gwanjon ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi.

A wannan kasuwa dala miliyan 5 ba ta ma shiga sahun gaba. A rana guda da dutsen, a ɗaki guda, ƙasusuwan wata dabba da ta ƙare tun kafin tarihi sun tashi a kan dala miliyan 30.5. A Nuwamban 2022 gidan Christie's ya sayar da zane-zanen marigayi Paul Allen, abokin Bill Gates wajen kafa Microsoft, aka tara sama da dala biliyan 1.6 cikin kwana biyu. Kayan Musulunci ma suna ciki: a 2020 an sayar da wani Alƙur'ani rubutun hannu na ƙarni na 15 a Landan a kan fam miliyan 7, takobin Tifu Sultan na Indiya kuwa ya kai fam miliyan 14 a gidan Bonhams a 2023.

Gidajen nan tsofaffi ne. Sotheby's ya faro a Landan a 1744 da sayar da littattafai, Christie's ya biyo baya a 1766, kusan shekara 40 kafin jihadin Shehu Usmanu. Sana'arsu kuwa ba baƙuwa ba ce wurinmu. Duk wanda ya taɓa shiga karar Mai'aduwa ko ta Caranci ranar kasuwa ya san ta. Mai sa yana gefe ya yi shiru, dillali ne ke magana. Ka taya, a ce albarka. Ka ƙara, a ce albarka. Wani ya matso ya shafa tozon san, sai ka ji zuciyarka ta motsa, ka ƙara abin da ba ka yi niyya ba. In aka sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. To Sotheby's da Christie's dillalai ne, kayan ba nasu ba ne. Bambancin kawai shi ne sun shafe fiye da shekara 250 suna goge dabarun da dillalinmu ke yi da basirar Allah, har suka mayar da su rubutattun sharuɗɗa.

Mu fara da kuɗin da ake shelantawa. Adadin da muke ji a rediyo ba shi mai kaya ke karɓa ba. Dutsen Agadas a dala miliyan 4.3 aka buga masa 'yar gudumar katakon nan da ke nuna an sallama. Sauran kusan miliyan guda la'ada ce da mai saye ke biyan gidan gwanjo a kan farashin. Tun 1975 manyan gidajen biyu suka shigo da wannan la'ada ta mai saye, a lokacin kashi 10 cikin 100. Yau ta haura kashi 25 a ƙananan kaya, takan sauko zuwa wajen kashi 15 a kan manyan kuɗaɗe. Mai kaya shi ma akan cire tasa la'adar, sai fa in kayansa sun isa a yi rububinsu, to a nan gidajen kan yafe masa, har ma su gutsura masa daga tasu don kada ya kai wa abokin hamayya.

Sai kuma farashin asiri. Kafin ranar gwanjo mai kaya da gidan sukan yi yarjejeniya a kan wani adadi da ba za a sallama a ƙasa da shi ba. Masu saye ba su san shi ba, ƙiyasi kawai ake nuna masu a kundin kaya. Nan ne wurin da ya fi tsaya mani a rai. In tayin jama'a bai kai wannan adadi ba, sharuɗɗan gidajen sun ba mai gwanjo damar ya riƙa kiran tayi a madadin mai kaya, yana nuna wani sashe na ɗakin kamar akwai wanda ya ɗaga hannu alhali babu kowa, har ya kusa farashin asirin. Su kansu 'yan kasuwar sun laƙaba wa abin suna, wai tayin fitilar rufi, don babu mai tayin sai fitila. Wanda ya zauna gaban malami a Katsina ya karanta babin ciniki zai gane abin nan da nan. Malamanmu sun halatta gwanjo, wato a sayar wa wanda ya fi tayi. Amma a cikin Muwaɗɗa akwai hadisin da ya hana najashi, Imamu Malik kuma ya fassara shi da mutum ya taya kaya fiye da ƙimarsu ba da niyyar saye ba, sai don wani ya bi sahunsa. Su gidajen suna kare kansu da cewa an rubuta abin a sharuɗɗa, kowa ya sani. Ni dai a ganina rubuta abu a ƙananan haruffa a bayan kundi bai canza abin da yake yi wa zuciyar mai saye a daidai lokacin da yake jin ana neman ƙwace masa kaya ba.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan girma, ita ce lamuni. Wanda ya mallaki zanen dala miliyan 100 yana tsoron a fito da shi bainar jama'a ya rasa mai saye, don in hakan ta faru kayan sun sha kunya, darajarsu takan faɗi na shekaru. Ya faru a watan Mayun 2025, lokacin da wani sassaƙen Giacometti, shahararren masassaƙi ɗan Suwizalan, da aka ƙiyasta a dala miliyan 70 ya rasa mai saye a Sotheby's. Don gudun haka gidan kan nemo wani attajiri tun kafin ranar, ya yi alkawarin zai saya a kan kaza ko da kowa bai taya ba. In wani ya zarce shi a ɗakin gwanjo, to ya rasa kayan amma yana da lada a cikin ribar. Ma'ana, da yawa daga cikin manyan kayan da ake nuna mana ana kokawa a kansu an riga an sayar da su a ɗaka. Abin da ake yi a gaban kyamara neman ƙari ne.

Duk wannan bai amsa tambayar kawuna ba tukuna. Dabara takan ƙara farashi, amma ba ta mayar da dutse biliyan 8. Abin da ke yin haka wani ne daban, kuma babu labarin da ya fi nuna shi a fili kamar na zanen da ya fi kowane tsada a tarihin gwanjo.

Sunansa Salvator Mundi, zane ne a kan allon katako da bai fi faɗin ƙaramar taga ba, na surar da Kiristoci ke danganta wa Annabi Isa Alaihissalam. A 1958 an sayar da shi a Landan fam 45. A 2005 wasu dillalai suka saye shi a wani ƙaramin gwanjo a Amurka a kan dala dubu ɗaya da 'yan kai, duk ya lalace, an yi ta shafa masa fenti a kai. Suka kai aka gyara shi, suka gayyato masana. A 2011 babban gidan adana zane na Landan ya baje shi da sunan Leonardo da Vinci, ɗan Italiyar nan da ya rasu a 1519, wanda zanensa da suka rage a duniya ba su kai 20 ba. Daga nan sai kuɗi ya fara hawa. A 2013 wani dillali ɗan Suwizalan ya saye shi wajen dala miliyan 80, ya juya ya sayar wa attajirin Rasha Dmitry Rybolovlev a kan miliyan 127.5. A 2017 Christie's ya zaga da shi Honkon da Landan da Amurka, mutane na layi don su gan shi. Ranar 15 ga Nuwamba, cikin kimanin minti 19, aka buga guduma a dala miliyan 400, da la'ada ya zama 450.3. Jaridu sun ruwaito cewa wani ɗan sarautar Saudiyya ne ya saya. Tun ranar ba a sake baje shi ga jama'a ba, kuma har yau akwai masanan da ke cewa ba hannun Leonardo kaɗai ba ne a jikinsa.

To allon katakon nan na 1958 shi ne dai na 2017. Abin da ya ƙaru suna ne, da takardu, da shaidar masana, da tarihin hannayen da ya ratsa. A kasuwar nan wannan tarihi shi ne rai. Kamar yadda malamin hadisi ba ya karɓar magana sai ya ji wa ya faɗa, daga wa ya ji, haka mai sayen kaya ke son salsala: wa ya yi, wa ya fara mallaka, a wane kundi aka ambace shi, wane gidan tarihi ya taɓa baje shi. Dutsen Agadas ma haka ne. A hannun wanda ya tsince shi baƙin dutse ne mai nauyi. Sai da aka gutsuri ɗan yanki aka kai ɗakin gwaji, aka yi masa rajista da lamba NWA 16788, aka rubuta a kansa, sannan ya zama abin da attajirai biyu ko uku za su yi takara a kansa. Kuma mutum biyu sun isa. Ba ra'ayin duniya ne ke yanke farashin gwanjo ba, inda na biyu ya gaji ya janye ne.

Dalilan masu sayen sun sha bamban. Akwai mai son abin tsakani da Allah. Akwai mai neman wurin ajiye dukiya, don zane na miliyan 50 yana shiga akwati guda, ana ajiye shi a rumbunan da ke wajen shingen kwastan, irin na birnin Janiba a Suwizalan, ana kuma karɓar bashin banki da shi. Akwai mai neman suna, kamar matashin ɗan kasuwar kuɗin intanet, Justin Sun, da ya biya dala miliyan 6.2 a 2024 don ayaba guda da aka manna a bango da salatif, ya kuma cinye ta a gaban 'yan jarida. Abin da ya saya takardar shaida ce da ke ba shi ikon manna wata ayabar ya kira ta da sunan aikin. Akwai kuma ƙasashe, musamman na yankin Larabawa, da ke gina gidajen tarihi don jawo baƙi. Wani asusun gwamnatin Abu Dabi ya sayi hannun jari a Sotheby's a 2024, a Fabrairun 2025 kuma gidan ya yi gwanjonsa na farko a Saudiyya. Kada kuma tsufa da kyan tufafin gidajen su ruɗe mu: a 2000 an bankaɗo cewa manyan biyun sun haɗa baki wajen tsayar da la'ada, suka biya diyyar dala miliyan 512, shugaban Sotheby's na lokacin, Alfred Taubman, ya sha ɗauri.

Yanzu mu dawo gida, don sunan Katsina yana cikin kundin wannan kasuwa tun da daɗewa. Dillalan tsofaffin kayan Afirka a Faris da Burasel suna da wani rukuni na mutum-mutumin yumɓu da suke kira "Katsina", a gefen na "Sokoto" da na "Nok". A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da aka fi wawushewa, tana gargaɗin kada a saya, kuma yumɓun Nok da Sakkwato da Katsina suna ciki. A shekarar ce gidan tarihi na Louvre da ke Faris ya baje wasu daga cikin irin waɗannan kaya, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba, amma doka na Abuja, rami na daji. A 2020 ma hukumar ta yi ƙorafi a kan wasu sassaƙe biyu na ƙasar Ibo da ake zargin an kwashe lokacin yaƙin basasa, Christie's ya musanta, ya sayar da su a Faris a kan yuro 212,500.

Na san abin da da yawanmu za su ce: gumaka ne, su tafi da su. Ba na raina wannan magana, daga kishin addini ta fito. Amma ba don a bauta masu ake adana su ba. Shaida ce ta cewa mutane sun zauna a ƙasar nan, sun iya sarrafa wuta da yumɓu, tun kafin a gina ganuwa. Kuma asarar da ake yi a wurin tono ta fi ta kuɗi. In mai bincike ya tono abu, yana auna zurfin da ya same shi, yana kwasar gawayin da ke gefensa don a gane shekarunsa, yana lura da tukwane da ƙasusuwan da ke tare da shi. In mai neman na abinci ya tono da dare, duk wannan ya tafi, ba ya dawowa. Shi ya sa mafi yawan yumɓun da ake kira na Katsina ba a san daga wane tudu suka fito ba. A kwatanta da Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, inda aka yi tono a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake yi a tsanake a 1992 tare da masana daga Jamus. Saboda an bi tsari, yau ana iya cewa kaburburan sun kai shekara 500 zuwa 700, kuma kayan da aka samu, da zinariya da hauren giwa da kwanonin ƙarfe da suka fito daga gabas, sun nuna ƙasar nan tana cinikayya da duniya tun wancan zamani. Da an sayar da su ɗaya-ɗaya a ɓoye, da kowanne ya zama abin ado a falon wani, mu kuma mu rasa labarin.

Ba na ɗora laifi a kan talakan da ya tona. Shi ne ma wanda aka fi cuta: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yana sayar da abu tsirara, babu suna, babu takarda, su kuma waɗanda ke da ɗakin gwaji da masana da kundi su tufatar da shi su ci ribar. Inda salsala ta tsaya daram kuwa, kayanmu na tashi. Zanen Tutu da mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya yi a 1974, na wata gimbiyar Ife, ya ɓace shekaru, aka gano shi a wani gida a arewacin Landan, aka sayar a Bonhams fam miliyan 1.2 a 2018. An san mai zanen, an san wadda aka zana, an san shekarar.

Da na kawo nan, sai kawuna ya yi shiru na ɗan lokaci. Can ya ce, "Ka tuna takobin Malam?" Na tuna. Muna yara wani baƙo ya riƙa zagaya unguwa yana cigiyar tsofaffin kaya, tasoshin tagulla da akusa da linzami. Shekarar an sha wuya, hatsi ya yi tsada. Kawu ya ɗauko takobin kakanmu da kubensa na jar fata ya ba shi, aka biya shi kuɗin da ya sayi buhun gero. Ba mu san sunan mutumin ba, ba mu san inda ya nufa ba, ba mu da ko hoton takobin. Baƙon ya kuma nemi a nuna masa littattafai, amma Hajiya kakarmu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko warƙa ɗaya ba za ta fita daga gidan ba.

Ranar nan kawu ya sa aka buɗe adaka aka ɗauko gafakar. Fatar ta bushe, ta yi duhu saboda hannaye. Alƙur'anin a warwatse yake warƙa-warƙa kamar yadda aka saba rubuta su, baƙaƙen da tawada baƙa, wasulan da ja, ga zayyana a farkon kowane rubu'i. Na ɗaga warƙa ɗaya ta fuskanci hasken ƙofa, sai ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, irin takardar nan da ake kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara a ƙarni na 19. A gefe ɗaya gara ta fara ci, ta cinye kusurwar wasu warƙoƙi na Suratul Kahfi. A shafin ƙarshe marubucin ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi gafara ga duk wanda ya karanta.

Na ce, "Kawu, wane ne wannan?"

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana duba. Ya ce, "Sunan na san shi a bakin Malam, amma ban riƙe dangantakar ba. Gwaggonka ce za ta sani. Ɗauki hoton shafin nan da wayarka, in an yi la'asar mu je wurinta, ka tafi da biro da takarda."